Tulin da Kansila Ya Hana a Kwashe

An yi wani mutum, ya 'yan uwa, kansila ne a wani ƙaramin gari. Wata rana da hantsi ya faɗi wata 'yar magana a zauren gidansa, bai san 'yarsa tana bayan ƙofa riƙe da tiren shayi ba.

Da direban tifar majalisa yake magana. Direban ya zo tambaya ne, ko ya fito da mota ya fara kwashe lakar da aka yashe daga kwata. Sai Kansila ya yi 'yar dariya ya ce, "Bar ta ta taru. Kwata mai tsafta ba ta fitowa a hoto, tulin shi ake gani. In an tambaye ka, ka ce mota ta lalace."

Iyakar maganar ke nan. Ba zagi, ba ɗaga murya. Yarinyar ta yi sallama, ta ajiye tire, ta gaida direba, ta koma ciki. Amma maganar ta bi ta har ɗaki.

Kafin mu yi nisa, bari ku san ko wane ne mutumin nan, kada wani ya ce ai dama can mugu ne. Wallahi da farko ba mugu ba ne. Mai walda ne, mai hannu kamar katako, wanda in ana wani aikin jama'a ba sai an aika masa ba.

Garin nasu a kan gangare yake. Akwai babban layi da ya sauko daga kasuwa, kwata tana bin gefensa har can ƙasa, inda take shigewa kwalbati ta ƙarƙashin titi, ruwa ya fice bayan gari. Duk ruwan saman da ya zuba a unguwar, ta bakin kwalbatin nan yake fita. Ba shi da wata ƙofa.

Shi mutumin nan shi ya kafa ƙungiyar aikin gayya ta unguwar. Duk shekara, kafin damina ta kankama, shi ne farkon mai naɗe wando ya faɗa kwata. Tsarin aikin kuwa kowa ya san shi: jama'a su yashe, majalisa ta kwashe. Maza su shiga da shebur su fito da laka da ledoji da tsummokara da duk abin da shekara ta tara, su jera a bakin kwata. Mata su kawo ruwan sha, su share hanya. A bar lakar ta kwana ta tsane, washegari tifa ta zo ta ɗebe. Ba a barin ta ta wuce haka, domin ko yayyafi aka yi, komawa za ta yi inda ta fito.

Kuma wa ya koya wa mutane wannan? Shi. Da bakinsa yake cewa, "Wanda ya yashe bai kwashe ba, dako ya yi wa ruwa." Har yara sun haddace.

Saboda wannan halin aka zaɓe shi. Ba shi ya nema ba ma, jama'a suka je har bakin shagonsa suka ce shi suke so.

To, ya 'yan uwa, riya ba ta shigowa da ganga. A hankali take shiga, kamar gara a jikin azara: waje lafiya lau, ciki ya zama gari. Shekarar farko ya shiga kwata kamar yadda ya saba, sai dai wani ya ɗauke shi hoto, aka liƙa a bangon majalisa, manya suka yaba. Shekara ta biyu ya zo da mai hoton da kansa. Daga nan sai ya riƙa zuwa da farar riga, a miƙa masa shebur, ya ɗebi laka sau ɗaya yana kallon kyamara, ya mayar wa mai shebur kayansa, a zuba masa ruwa ya wanke hannun da bai ɓaci ba. Mutane su yi dariya a ɓoye, su ce ai girma ne ya zo. Aiki dai yana tafiya, tifa tana zuwa, ba wanda ya damu.

'Yarsa kuwa ta damu, amma wa za ta gaya wa?

Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka shi yana ce mata Uwata, tsohuwar kuma tana ce mata Takwara, har duk unguwa suka ɗauka. Ta gama sakandare tana zaune a gida. Irin yaran nan ne da za a yi taro a watse ba a ji muryarsu ba, amma in ka tambaye su wa ya zauna kusa da wa, wa ya ɓata rai da aka faɗi kaza, duk sun gani. A ƙungiya ita ke riƙe da akwatin magani. Wanda kwalba ta yanka a kwata, wanda ƙusa ta soka, wurinta yake zuwa. Don haka ta san tafin ƙafar mutanen unguwar fiye da yadda ta san fuskokinsu, tunda ba ta iya ɗaga ido ta kalli mutum.

A wannan shekarar aka aiko cewa Ciyaman zai zo da baƙi daga sama, za a ba da lambar yabo ga unguwar da ta fi aikin sa kai. Tun daga ranar Kansila bai ƙara barci mai daɗi ba. Aka yi gayya, jama'a suka fito fiye da kullum, aka yashe kwata tun daga kasuwa har ƙasa. Takwara ta ɗaure ƙafafu har bandeji ya ƙare mata. Aka jera laka a bakin hanya, aka koma gida ana jiran tifa.

Washegarin ne ta ji maganar nan a bayan ƙofa.

Abin da yake so shi ne, ranar da baƙi za su zo, a same shi tsaye gaban tuli, da shebur a hannu, tifa ta ja baya a hankali, ya jefa shebur na farko, a tafa. Ya kuma duba ya ga 'yan tarin da aka jera a bakin layi ba za su cika ido ba. Sai ya sa aka bi su da baro aka haɗe su wuri guda, tuli ɗaya ƙato, ya fi tsayin mutum. A ina? A can ƙasa, a bakin kwalbati, domin nan ne kawai ake da filin da za a kafa rumfa a jera kujeru.

Don Allah ku gaya mini, jahilci ne wannan? Wanda bai sani ba, a yi masa uzuri. Amma mutumin da ya koya wa gari duka cewa ba a barin laka a bakin kwata, shi ya tattara ta shekara guda ya kai wa ruwa har bakin ƙofa!

Kuma gidan da ya fi kowane kusa da wurin, gidan mahaifiyarsa ne. Tsohon ginin ƙasa, inda aka haife shi. Ya sha cewa ta dawo sabon gidansa na siminti a can sama, tana cewa ita da ɗakin da mijinta ya ajiye ta, sai dai a fitar da ita a kwance.

Kullum da rana Takwara ke kai mata abinci. Tsohuwar gwiwa ta hana ta tafiya, amma bakinta lafiya lau.

"Takwara, shigo da sauri ki rufe mini ƙofa, kada ƙudajen ubanki su riga ni cin abincin."

"Kai, Kaka."

"Ƙarya na yi? Kowa ɗansa ya samu muƙami ya kawo masa turare, ni nawa dutse ya gina mini a ƙofar gida, mai wari. Wai yaushe motar nan za ta warke ne? Ko ita ma ciwon gwiwa gare ta irin nawa?"

Takwara ta sunkuyar da kai tana buɗe kwano. Ta san motar lafiyarta ƙalau. Tana fake a bayan majalisa, an rufa mata tamfol kamar mai jego.

"Ke dai ba kya magana," in ji tsohuwar. "Sunana kawai kika ɗauka, bakin kika bar mini. Wanda zai aure ki ya huta."

Ranar zuwan baƙi ta zo, aka ce an ɗage, Ciyaman ya yi tafiya. Aka sa wata rana, aka sake ɗagewa, wai baƙin ne ba su shirya ba. Tuli yana nan. Rana ta dake shi ya yi ɓawo a sama, ciki yana ruɓewa. Awaki suka mai da shi wurin wasa. Gabas kuwa ta fara haɗa gira da yamma.

Wanda ya gaji shugabancin ƙungiyar wani birkila ne, abokin Kansila tun suna yara, mutum ne da ba ya tauna magana. Ya same shi a ƙofar gida, Takwara tana tsakar gida tana jin su.

"Ranka ya daɗe, tunda mota ta ƙi, mu ba mu ƙi ba. Muna da baro, muna da ƙarfi. Ka ba mu dama mu kwashe abin nan mu kai ramin bayan gari."

"Ba a zubar da shara a ramin nan sai da izinin majalisa."

"To ai kai ne majalisar a nan."

"Akwai tsari, Birkila. Ba kamar da ba ne."

"Na ga alama. Da can kai ke cewa wanda ya yashe bai kwashe ba..."

"Na san abin da nake cewa! Duk wanda ya taɓa tulin nan, da hukuma yake yi."

Birkila ya ce, "Allah ya ba mota lafiya," ya juya.

Ku dubi wannan abu, jama'a. Mutane sun ba da ƙarfinsu kyauta, sun shiga ƙazanta har ƙugu don Allah, sun zo kuma suna roƙo a bar su su ƙarasa, aka tare su da sunan doka. Kujerar da suka ɗora shi a kai, ita ya ɗauka ya tokare musu hanya.

Sau nawa Takwara ta yi niyyar yi masa magana? Ta shirya kalmomin tana wanke-wanke, ta sake shirya su tana shara. Ta kai masa ruwan alwala, ta tsaya. Ya ɗago ya ce, "Uwata, akwai magana ne?" Sai ta ce, "A'a, Baba." Yaya 'ya za ta dubi mahaifinta ta ce na ji ka kana shirya ƙarya? Ta gaya wa mahaifiyarta a kicin, murya ƙasa-ƙasa. Uwar ta ce, "Ke, rufa mana asiri. Harkar majalisa ce, ya fi mu sanin abin da yake yi."

Allah kuwa ba ya kama bawa sai ya yi masa gargaɗi. Aka yi wani ɗan ruwa, bai ma jiƙa ƙasa sosai ba. Gefen tulin ya zame, baƙin ruwa ya malala ya shiga ɗakin wata mai wanki da ke haya a maƙwabtan Kaka. Mijinta ya rasu, da wankin kayan mutane take ciyar da 'ya'yanta. Kayan da ta wanke ta goge ta jera, duk suka ɓaci. Ƙaramin ɗanta da ke rarrafe a wurin ya kwanta da gudawa, sai da aka ƙara masa ruwa a asibiti.

Ta zo har gidan Kansila, ta durƙusa a zaure, ta faɗi abin da ya same ta. Ba ta yi masifa ba, roƙo ta yi. Kansila yana duba wayarsa ya ce, "Allah ya kiyaye gaba. A yi haƙuri, an kusa." Da ta tafi, ya sa a ɗebo abin da ya zame a mayar kan tulin, a gyara masa siffa.

Ya kuma aika a gaya wa mahaifiyarsa ta zo gidansa ta ɗan zauna har a gama taro. Kun gani? Ashe ya san akwai haɗari. Ya san wanda yake so ya tsame, ya san waɗanda zai bari. Tsohuwar ta ce a gaya masa ba inda za ta, in yana son ta da lafiya ya ɗauke dutsensa. Ya yi dariya ya ce rigimar tsufa ce, ai saura kaɗan.

Aka sa rana ta uku, aka ce wannan karon ba fashi. Ana gobe taron, aka kawo rumfuna da kujeru aka jingine. Kansila yana can majalisa tun azahar, ana gardamar wa zai zauna dama da Ciyaman, wa zai yi jawabin godiya.

Bayan la'asar gari ya yi baƙi ƙirin. Iska ta taso ta kwashe rumfa ɗaya ta maka a kan titi. Takwara tana ɗakin Kaka, ta kawo abinci ba ta kai ga komawa ba. Sai ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya.

Ku tuna, kwatar an yashe ta tas tun daga kasuwa. Babu abin da zai rage wa ruwa gudu. Ya taho da ƙarfinsa duka, ya daki gindin tulin, tulin ya zauna a bakin kwalbati kamar an sa murfi. Ruwa ya nemi hanya ya rasa. Ya juyo cikin gidaje.

Takwara ta ga tabarma ta ɗaga tana yawo. Kafin ta kwashe kwanuka, ruwa ya kai mata ƙwauri, baƙi, mai wari. Ta yi ƙoƙarin ɗaga tsohuwar daga gado, ta kasa.

"Bar ni, kada ki karya mini sauran ƙashin," in ji Kaka. "Je ki kira maza. Yau dai dole ki buɗe bakin nan naki."

Ta fita da gudu. Yarinyar da ba a taɓa jin muryarta a layin ba, ranar har kasuwa an ji ta. Birkila da mutanensa dama suna bakin kwalbati, ruwa har ƙirji, suna yaƙi da tulin da aka hana su taɓawa. Suka juyo suka nufo gidan. Ba su kai ƙofa ba suka ji ƙara, ba mai ƙarfi ba ma, kamar an sauke buhu daga mota. Bangon ɗakin ya jiƙa daga ƙasa, ya durƙusa, rufin ya bi shi.

Da hannu suka tona. Ba wanda ya yarda ya sa shebur, kada a same ta. Farce ya fita, tafin hannu ya tsage, ba wanda ya tsaya.

Ana cikin haka motar Kansila ta tsaya a saman layi, inda ruwa bai kai ba. Abin da aka gaya masa a waya shi ne gini ya faɗa wa mutum a unguwarsa, ba a ce wane gida ba. Ya fito, wani yana riƙe masa lema. Ya hango taron mutane cikin laka. Kun san abin da ya fara fita daga bakinsa? Mata da yara da suka fake a barandar shaguna duk sun ji.

Ya ce, "Ina mai hoton nan? A ba ni shebur."

Wata tsohuwa ce ta nuna masa da hannu, ta ce, "Gangara ka ga gidan wa za ka ɗauka."

Ya gangara. Da ya gane ƙofar, lemar da hular da takalmin duk a hanya suka zube. Ya faɗa cikin laka da farar rigarsa yana tono yana kiran "Inna! Inna!" kamar yaron da ya ɓata a kasuwa. Ranar ce ya sake shiga laka da gaske, amma an riga an makara.

An fito da ita da rai. Ƙugunta ya karye, ta kuma sha ruwan nan. Ta yi 'yan kwanaki a asibiti, Takwara na gefenta. Ba ta zagi ɗanta ba, ba ta yi masa baki ba. In ya shigo sai ta rufe ido kawai, in ya fita ta buɗe. Ko barkwancin nan nata ba a ƙara ji ba. Wata safiya Allah ya karɓi abarsa.

Ba gidanta kaɗai ruwan ya ci ba. Ɗakin mai wanki ya rushe, da ƙyar ta fita da 'ya'yanta, sai kayan jikinsu. Wani tela ya rasa kekunansa na ɗinki. Wani mai shagon hatsi ya zubar da buhunan da hatsinsu ya jiƙe ya tsiro a cikin shago. Wasu gidajen har yau kango ne.

Jama'a suka yi wa tsohuwa sutura, suka raka ta, domin hakkinta ne, kuma ta zauna da kowa lafiya. A wurin zaman makoki ne direban tifa ya kasa riƙe abin da ke cikinsa. Wani ya ce, "Da motar nan ba ta lalace ba..." Sai ya fashe da kuka ya ce mota ba ta taɓa lalacewa ba, ya faɗi yadda aka yi da shi, kalma da kalma. Kafin magariba babu gidan da maganar ba ta shiga ba.

Tsuntsun da ya ja ruwa, shi ruwa kan doka. Ciyaman ɗin da aka tara tulin dominsa, shi ya fara tsame hannu. Ya ce shi bai taɓa cewa a ajiye masa shara ba, kuma gaskiyarsa. Majalisa ta zauna ta dakatar da Kansila, abokan da suka yi gardamar kujera da shi su suka fara ɗaga hannu. Aka ciccire hotunansa daga bango. Mai hoto ya koma bin wanda aka ɗora a madadinsa.

Amma duk wannan bai kai abin da jama'a suka yi masa ba, domin su ba su yi masa komai ba. Ba wanda ya jefe shi, ba wanda ya zage shi. In ya yi sallama a amsa, domin wajibi ne, daga nan kowa ya kama kallon wani wuri. Tabarmar ƙofar gidansa da a da ba a samun wurin zama, sai kaji.

Da aka kira gayyar buɗe kwalbati, ya fito da tsohon sheburinsa, ya naɗe wando, ya shiga kwata. Mutanen da ke wurin suka fita ɗaya bayan ɗaya, ba hayaniya, suka koma can gaba suka ci gaba da aiki. Aka bar shi shi kaɗai tsaye cikin laka. Birkila ne ma ya dube shi, shi ma ya bi sauran. Tsohon Kansila ya koma shagon walda, ba mai kawo aiki. Ya rufe. Ya shige ɗaki. Mutum mai hannu kamar katako ya koma in hadari ya taso sai ya toshe kunne.

Ya 'yan uwa, me ya kai shi nan? Bai sha giya ba. Bai yi caca ba. Sallah ba ta wuce shi. Abu ɗaya ne: ya ɗauki aikin da ake yi don Allah ya mai da shi don ido. Ya ɗauki gumin mutane ya yi wa kansa ado da shi. Ya fifita a ce ya yi a kan a yi. Kuma da amana ta zo hannunsa, ya auna rayukan maƙwabta da tafin baƙi, ya ga tafi ya fi nauyi.

Kada kuma wani ya ce ai ni ba kansila ba ne. Ke da ba kya kai wa mara lafiya abinci sai in da mai gani, kai da ba ka share ƙofar masallaci sai ranar da manya za su zo, mu da muke jinkirta alheri har sai an taru, kowannenmu yana da ɗan tulinsa da ya ajiye yana jiran baƙi. Ruwa kuwa ba ya tambayar ranar taro. Wanda aka ba shugabanci ko na mutum uku ne, ya sani uwar kowa uwa ce, ɗan kowa ɗa ne. Wanda kuma ya ga ɓarna a gidansu, ya faɗa da ladabi tun bango yana tsaye. Kunya ado ce, amma ba a rufe gaskiya da ita.

Ita Takwara ta ci gaba da kai wa mahaifinta abinci, kamar yadda take kai wa Kaka. Uba uba ne. Kullum ta same shi yana kuka, kullum maganarsa ɗaya: "Na kashe Inna. Da hannuna na kashe Inna." Tana saurare. Ta lura da abin da yake faɗa, ta kuma lura da abin da bai taɓa faɗa ba. Bai taɓa tambayar inda mai wanki take kwana da 'ya'yanta ba. Bai taɓa ambaton tela ba. Ita kuwa ta san inda suke, domin ita ke zuwa wanke wa yaran ƙurajen da ruwan ya bar musu, a wani shagon da aka ba su aro, babu ko taga.

Wata rana da azahar ta dawo daga can, ta ɗauki kwanonsa ta shiga. Yana zaune a ƙasa, ya jingina da bango, ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ta ajiye. Ta juya za ta fita kamar kullum, sai ƙafarta ta ƙi.

Ya ɗago jajayen idanunsa. "Uwata, akwai magana ne?"

Ta durƙusa. Wannan karon ba ta ce a'a ba. Ta ɗaga ido ta dube shi, abin da ba ta taɓa yi ba tun da ta yi wayo.

Ta ce, "Baba, don Allah ka yafe mini. Da a ce ba ɗakin Kaka ne ya faɗi ba, da uwar wani ce aka tono daga ƙasan nan, da ka yi wannan kukan?"

Ya Allah, ka tsarkake mana niyya, ka sa mu sauke amanar da ke wuyanmu tun kafin hadari ya haɗu. Ka kiyaye mu da ranar da 'ya'yanmu za su yi mana tambayar da ba mu da amsarta. Amin.